Darasin piyano wajen Tanti a Yantala, abin da na gani mai daɗi da marar daɗi

Masu tambayata ta WhatsApp ina ake koyon piyano na gaske a Yamai, ba kilabiye na biki ba, irin kiɗan nan na su Shopan da Shuman da mutum guda ke zama shi kaɗai ya kaɗa, ba ganga ba mawaƙi, to ga amsar nan gaba ɗaya don bokal ɗaya-ɗaya ba ya isa in faɗi komi. Akwai wata dattijuwa wajen Yantala da kowa ke ce ma Tanti, tsohuwar malamar kiɗa ce da ta yi retret, cikin salon ɗin gidanta take koyarwa. Ba zan sa sunanta ko lambarta ba don ba ta son talla, wanda ke so da gaske ya same ni in kai shi. Na jima ina zuwa wurinta, kuma maganata a gajarce ita ce kuɗinku ba za su tahi banza ba, matar nan ta san abin da take yi, sai dai akwai abubuwan da ya kamata ku sani kahin ku biya, wasunsu har gobe suna ci mini rai.

Ni ɗan Tawa ne, kilabiye nake kaɗawa cikin orkes, biki da suna da duk inda anka kira mu, kuma da kunne na koya kamar yawancinmu da munka tashi muna jin organ ɗin Mamman Sani a rediyo da tele. Na faɗi wanga don ku san da wane kunne nake auna ta. Tarif ɗinta jika 20 a wata ga manya, jika 15 ga ƴan lakkwal, sau ɗaya a sati, minti 45, babu kuɗin inskiripsiyon amma fotokopi kai ke biya. Laraba da marece da yinin Asabar na yara ne, mu manya bayan magariba. Piyano biyu gare ta, ɗaya na katako mai tsayuwa jikin bango, tsoho sosai, ɗayan na kuran mai tush 88 masu nauyi, wato maɓallan nan farare da baƙaƙe da ake dannawa.

Ranar farko ba ta barin ka kaɗa komi. Gaban piyanon katakon take buɗewa ta ce ka leƙa, ka danna tush guda ka ga ƴar guduma mai kan ulu ta tashi ta bugi waya ta koma. Shi ke nan, in ji ta, daga lokacin da gudumar ta taɓa waya ba ka da sauran iko kan wanga not, ba ka iya ƙara mashi ƙarhi, ba ka iya karkaɗa shi, mutuwa kawai yake yi a hankali. Amma mutanen nan na ƙarni na 19, Shopan da Shuman da anka haifa duka a 1810, da List a 1811, da Birams a 1833 (in za ku nema a intanet Chopin, Schumann, Liszt da Brahms ake rubutawa), waƙa suke so abin nan mai guduma ya yi, doguwar waƙa mai numfashi irin ta maƙogwaron mutum. Duk darasin Tanti kan wagga matsala guda yake tsaye, yadda za ka sa kunnen mai saurare ya yarda cewa not ɗin da ke mutuwa bai mutu ba, ya zuba ne cikin na gaba. Shi ya sa nake ganin ta hi bidiyon nan na YouTube masu sanduna kala-kala suna faɗowa kan tush nesa ba kusa ba, don bidiyon yana nuna maka wane tush kuma yaushe, ba ya gaya maka da wane nauyi, alhali a wanga kiɗa nauyin shi ne rabin aikin.

Mu ƴan orkes kilabiyenmu mai tush 61 ba nauyi gare shi ba, yatsa kaɗai ke aiki, in kana son ƙarhi ka murɗa bolim. Nan kuwa daga kafaɗa nauyin ke saukowa. Sai ta ɗora maka hannu kan mi, fa diyez, sol diyez, la diyez, si, dogayen yatsu uku bisa baƙaƙe, babban yatsa da ƙarami bisa farare, ta ce haka Shopan ke fara ma ɗalibansa, gam ɗin si majer da farko, do majer da kowa ke ɗauka shi ne mai sauƙi sai can daga baya don bai bi siffar hannu ba. Takan ɗaga maka hannu ta saki, in bai faɗi da kansa ba ta ce, ɗana har yanzu kana riƙe da shi, ba ni shi duka.

Inda na tabbatar da matar nan malama ce shi ne kan prelid na 4 cikin prelid 24 na Shopan, opus 28, wanda ke mi miner. Mezir 25 ne kacal (mezir shi ne ɗan yankin lokaci da ake raba kiɗa da shi a takarda), takarda guda, in ka dube shi sai ka ce yaro ma ya kaɗa shi a sati. Hannun dama kusan not biyu yake ta juyawa, si, do, si, do, hannun hagu kuma yana maimaita akor, wato not uku da ake kaɗawa tare, sau takwas a mezir. To asirin yana hagu, don akor ɗin ba tsaye yake ba, kowane lokaci not guda cikin ukun nan na zamewa ƙasa da rabin mataki, wani sa'in na tsakiya, wani sa'in na ƙasa, sai ka ga melodi bai motsa ba amma launinsa ya canza. Tanti tana sa ka kaɗa hagun kaɗai kana faɗi da baki wane yatsa ne ya motsa, kuma wanga not da ya zame ka ɗan hito da shi, ɗan kaɗan, yadda kunne zai bi shi ba tare da ya san yana bi ba. Bayan haka ta ba ka wani aiki mai wuya, dama ya kaɗa da cikakken nauyi, hagu ya taɓa tush kawai ba sauti, har hannuwan biyu su daina kwaikwayon juna, sannan ta bari hagu ya shigo a hankali. Ranar da abin ya zauna mini na ji not ɗin si guda ɗaya yana tsaye sama akor suna sauka ƙarƙashinsa, wallahi tsigar jikina ta tashi, kuma shekaruna nawa ina kaɗa akor ɗin mi miner a wajen biki ban taɓa jin haka ba.

Tana ba da tarihin ma amma ba ta bari ya danne kiɗan. A tsibirin Mayorka Shopan ya ƙarasa prelid ɗin nan cikin sanyin 1838 zuwa 1839, ba shi da lahiya, yana zaune wani tsohon gidan ibada na Baldemosa, piyanon Pleyel da yake jira daga Pari bai iso ba sai watan Janbiye. Kuma da ya rasu a 1849 yana da shekara 39, wanga na 4 yana cikin abin da anka kaɗa da organ wajen jana'izarsa a cocin Madelen. Ɗalibi na jin haka sai ya fara jan kiɗan yana nauyaya kowane akor, nan take take tsai da shi ta nuna mashi alamar da ke farkon layi, bugu biyu ne a mezir, ba takwas ba, Largo ne, wato ba sauri, amma yana tahiya. Can wajen mezir na 16 da 17 inda abin ke ɓarkewa ta ce kar ka ji tsoro, saki hannu, wuri guda ne cikin takardar duka da mutumin ya ɗaga murya. Sai kusa da ƙarshe, akwai akor guda sannan shiru mai alamar tsayawa kahin akor ukun ƙarshe. Shirun nan rubuta shi anka yi, in ji ta, ɗaga ƙafa daga pedal, kar ka motsa, kar ka yi saurin hita daga cikinsa. Yara da yawa nan suke kasawa don shiru na ba su kunya.

Maganar rubato kuwa, wato sassauta lokaci da matse shi, ban taɓa jin wanda ya bayyana ta yadda ta shiga kaina ba sai nan. Ɗaliban Shopan, irin su Mikuli, sun ba da labarin cewa hannun hagunsa riƙe lokaci yake yi daram, dama ne ke jinkiri ko gaggawa a samansa. Duk wanda ya taɓa zama wajen goge a Tawa ya san wanga abu ko bai san sunansa ba, masu ƙwarya na nan kan bugunsu ba su gaba ba su baya, mai goge ya ja ya ja har ka ce ya ɓace musu, sai ga shi ya faɗo daidai kan bugun da suke jiransa. Bambancin kawai nan mutum guda ne ke yin duka biyun da hannuwansa, shi ne wuyar. Akwai kuma ɗayan irin, inda hannu biyun tare suke sassautawa a ƙarshen jimla ko su matsa wajen hawa. Tanti ba ta yarda da ko guda ba sai ka fara kaɗa abin daidai da metronom, na'urar nan mai ƙirga bugu, sannan a kashe shi, kuma duk inda ka jinkirta sai ta ɗora hannu kan takarda ta ce, ɗana gaya mini dalili. In dalilin akor ne ya juya inda ba a zata ba, ko melodi ya kai ƙololuwa, ko jimla ta ƙare, ta yarda. In ka ce haka na ji a raina, sai ta ce to rera shi da bakinka in ji. Kana rerawa za ka gane inda numfashinka ya ƙare nan jimlar ta ƙare, kuma wuraren da kake jinkiri don yatsa bai iso ba su ma suna tonuwa. Wanga ba ƙirƙirarta ba ce, Shopan da kansa yana tura ɗalibansa su je su saurari mawaƙan opera na Italiya, kuma an san son da yake ma kiɗan Belini.

Pedal ma haka. Yawancin wanda ya koya shi kaɗai tare yake taka ƙafa da hannu, sai akor biyu su cakuɗe. Ita tana koya maka ƙafa ta biyo bayan hannu, sabon akor na sauka ƙafa ta tashi, ta share tsohon, ta koma ƙasa nan take kahin yatsu su bar tush. Tana kuma gargaɗi kan alamun pedal da ke cikin takarda, don piyanon Pleyel na shekarun 1830 da Shopan ke so tush ɗinsa sun hi sauƙi kuma sautinsa na saurin mutuwa, na yanzu mai gangar jikin ƙarhe sautinsa na daɗewa, in ka bi alamar ido ruhe sai ka yi hazo. Har ɗakin take sa ka saurara, salon ɗinta karo ne ƙasa ba kapet, sauti na yawo, sai a rage pedal, wani wurin rabi kawai ake takawa.

Kusan kowa da ke zuwa noktirn ɗin nan na Shopan opus 9 lamba 2 yake so, mai mi bemol majer, don shi ke yawo a wayoyi. Ba ta bayarwa da wuri. Sai ka bi ta etid 25, wato kiɗan horon yatsu, na Burgmila, opus 100, da littahin yara na Shuman na 1848 mai kiɗa 43 wanda ya fara rubuta ma ɗiyarsa Mari, da ɗaya ko biyu cikin waƙoƙin nan marasa kalmomi na Mendelson. Wasu sun yi hushi sun bari, ni kuwa ina bayanta nan ɗari bisa ɗari, don hagun noktirn ɗin tsalle ne tun daga farko har ƙarshe, 12/8, bas can ƙasa sannan akor biyu a tsakiya, in hannu bai san hanya ba tare da ido ba babban yatsa zai dinga dukan akor ɗin yana binne waƙar.

Amma kan wanga noktirn ne ni da Tanti munka saɓa, kuma har yanzu ban sauka daga ra'ayina ba. Melodin yana dawowa sau da sau, kowane dawowa da ƙarin ado, kuma sananne ne cewa Shopan ya rubuta ma ɗalibansa wasu adon daban da hannunsa cikin takardunsu, har akwai tsohon faifan Kocalski, ɗalibin Mikuli, inda yake kaɗa shi da irin waɗannan adon. Shopan gwanin ƙirƙira nan take ne, List ma haka, Kilara matar Shuman takan ƙirƙiri ƴar shimfiɗa kahin ta shiga kiɗan da ke rubuce. To mi ya sa a ajin Tanti ƙara not guda haramun ne? Na tambaye ta da ladabi, na ce Tanti ai su da kansu ba haka sunka yi ba. Ta ce, ɗana sai ka iya abin da mutumin ya rubuta tukuna kake da bakin ƙara mashi. Rabin maganar gaskiya ce, na yarda. Amma ina ganin yaran da ke zuwa Asabar, yaran Yamai kunne gare su kamar mi, yaro zai ji waƙa sau ɗaya a taksi ya zo ya lalubo ta kan tush, ita kuwa da ta ji sai ta ce bari wasa buɗe takarda. Wanga kunnen dukiya ce, shi ne ma abin da take wahalar ginawa ga manya. Da za ta ware minti 10 ƙarshen darasi yaro ya ɗauki wata waƙa tamu ta gida ya nemo mata akor, ya yi mata hagu irin na noktirn, da ya gane daga ciki yadda anka gina kiɗan Shopan, kuma da yaran da sunka gudu ba su gudu ba. Na san biyu da sunka bari don wanga dalili kaɗai, kuma abin ya yi mini ciwo don ɗayan yarinya ce mai hannu ƙwarai.

Inda kuma take burge ni da tsayuwa kan takarda shi ne Troimerai na Shuman, na 7 cikin kiɗa 13 na opus 15 da ya rubuta a 1838. Kowa ya saba jin shi a hankali ƙwarai, ita sai ta nuna maka lambar metronom da ke tsohon bugun takardar, 100, wanda ya hi yadda yawancin manyan makaɗa ke yi sauri sosai. Ba ta ce sai ka kai 100 ba, amma ta ce lambar na gaya maka mutumin yana son abin ya gudana. Mezir 24 ne, jimla shida masu mezir huɗu-huɗu, kowace da hawa iri guda take farawa, sai dai inda hawan ke sauka da akor ɗin da ke tarbarsa ke canzawa, kuma in ka ja shi da yawa mai saurare ya manta hawan baya kahin na gaba ya zo, to mi zai kwatanta? Murya huɗu ne a ciki, tana sa ka kaɗa kowace ita kaɗai, har ta tsakiya da babban yatsa ke ɗauka, wadda da kunne kaɗai ba lalle ka lura da ita ba.

Abu guda da ba a biya kuma ni a wurina ya kai kuɗin watan, Asabar ta ƙarshen wata da dare tana tara manyan ɗalibai a saurari faifai da takarda a hannu, ga bisap mai sanyi. Kiɗa guda za a ji daga hannu uku, misali Korto da Rubinshtain da Mariya Jowo Piresh, ko Horowis yana kaɗa Troimerai a Mosko a 1986, sannan kowa ya faɗi inda sunka bambanta da abin da ya hi so da dalili. A nan na fara lura tsoffin makaɗa na farkon ƙarni na 20 ba sa sauke hannu biyu tare, bas na riga melodi da ƙiftawar ido, abin da malaman yanzu da yawa ke hanawa. Wata ɗaliba da ke karatun likita a jami'ar Abdu Mumuni tana aiki kan Konsolasiyon na 3 na List, mai re bemol, inda hagu ke tahiya uku-uku dama na bi ta kansa da nasa lissahi, takan kaɗa muna inda ta kai. In Tanti ta ji daɗi ita ma takan zauna ta yi intermezo na Birams, opus 118 lamba 2, cikin shidan da ya rubuta a 1893 ya sadaukar ma Kilara Shuman. Yatsunta sun tsufa, tana kuskure not nan da can, amma yadda take hito da muryar tsakiya tana amsa ma ta sama, ban ji wanda ke yin haka a garin nan ba.

To yanzu marar daɗin. Na farko kuma mahi girma, piyanon katakon ba ya kan daidai. Piyano na da waya sama da 200, jan da suke yi gaba ɗaya ya kai tan 18 ko hiye, kuma allon katakon da ke ƙara sautin yana shan iska. Da damana ya kumbura sauti ya hau, da hunturu iskar Yamai ta bushe ƙayau ya tsuke sauti ya sauka, kuma ba tare wayoyin ke sauka ba. Tun wajen Desamba tsakiyar piyanon ke fara rawa, not guda mai waya uku ka ji kamar mutum uku ne ba su shirya ba, ga tush biyu can sama da ke maƙalewa. A kiɗan da duk ginshiƙinsa launin akor ne wanga ba ƙaramin abu ba ne, ta yaya za ka ce ma yaro saurari yadda akor ya juya alhali akor ɗin da kansa karkatacce ne? Tana sa kwanon ruwa cikin ƙasan piyanon, yana ɗan taimakawa, amma ba ya maye gurbin mai gyara. Ta ce mai zuwa yi mata ya daina zuwa tuntuni. Sai a koma na kuran, shi kuma daidai yake kullum amma rabin pedal ɗinsa da yadda wayoyi ke amsa ma juna ba su kai na katako ba, kuma in anka ɗauke kuran shi ke nan, ba ta da gurup.

Na biyu takardu. Fotokopin fotokopi ne, wasu layukan sun shuɗe har ba ka bambanta diyez da bekar, kuma daga tsoffin bugu ne da editoci sunka cika da nasu alamun, ba ka sanin wane ne na Shopan wane ne na wani. Ita ta san bambancin a ka, takan soke wasu da kirayon, amma ɗalibi a gida fa? Alhali IMSLP, shafin intanet na takardun kiɗa, na nan kyauta, har bugun farko na yawancin kiɗan nan akwai, forfe kaɗan ya isa ka sauke ka kai a buga maka mai tsabta. Ni haka nake yi yanzu, ina kai mata ta duba ta sa mini lambobin yatsu.

Sai lokaci. In darasin wanda ke gabanka ya yi daɗi ba ta duba agogo, kana iya zama rabin awa kana jira, ko da yake kai ma in naka ya yi daɗi haka za ta ƙara maka. Watan Abiril da Me kuwa zahi ne, ba kilim, bantilater na kaɗa takarda yana kuma cinye duk wani piyanisimo, wato sauti mai taushi ƙwarai, in an kashe shi gumi ya sa yatsa na zamewa.

Wanda zai je ya san wanga tun yanzu, in ba ka da abin yin aiki a gida kuɗinka kake zubarwa. Minti 45 a sati ba ya gina hannu. Kilabiye mai tush 61 zai kai ka wata biyu ko uku na farko, karatun not da sanin wuri, daga nan prelid ɗin ma ba zai yi ba don ba ka iya raba nauyin dama da hagu yadda ya kamata, noktirn kuwa tush ɗin ma ba su isa ba, bas ɗinsa na sauka ƙasa da inda kilabiyen ya ƙare. Ana buƙatar 88 masu nauyin guduma, da pedal na gaske mai karɓar rabi, ba ɗan murabba'in roban nan mai gudu ƙarƙashin ƙafa ba. Tanti ba ta faɗin wanga ranar farko, ina jin don kar ta kori mutane, amma gara a faɗa ma uwaye tun kahin su saba ma yaro. Tana barin wanda ba shi da komi ya zo da sahe ya yi aiki kan na kuran in ba kowa, kyauta, sai dai sai ka tambaya, ba ta tallar shi.

In burinka ka shiga orkes cikin wata shida ko ka raka mawaƙi, ba nan za ka ba, je ka zauna kusa da mai kilabiye ko ka tambaya a CFPM Taya, cibiyar koyon kiɗa ta Yamai. In kuwa kiɗan nan ne ya kama ka, kana da haƙurin zama kan takarda guda wata biyu, ko kana da yaro mai natsuwa da zai jure a ce mashi sake, to je ka, ka nemi darasin gwaji guda kahin ka biya wata, ka roƙi a yi shi kan na katakon don ka ji nauyin da kunnenka da hannunka, ka kuma tambaye ta kai tsaye wane kiɗa za ta fara ba ka da wanda zai biyo baya.

Maganar mai gyaran nan kuma da gaske nake. Mu manyan ɗalibai mun yi shawara za mu haɗa kuɗi, kuma na san akwai wasu piyanon katako a garin nan cikin coci-coci da gidaje da makarantu da ke cikin hali guda. In akwai wanda ya san akorder, wato mai daidaita sautin piyano, na gaske, mai makulli da kayan aikinsa, wanda ya iya gyaran guduma ba jan waya kaɗai ba, ko a Yamai yake ko sai an ɗauko shi daga Kotonu ko Wagadugu ko Kano, ya yi mini magana. In piyanon sun kai biyar ko shida kuɗin mota da masauki ba za su yi ma kowa nauyi ba, kuma lokacin da ya dace shi ne bayan hunturu ya zauna sosai, katakon ya gama tsukewa, don gyaran ya riƙe har zuwa damana.